Motar tafi-da-gidanka a Turai: ƙarama, matsakaiciya ko mai goshi?

Kalmar tafi-da-gidanka mun saba jin ta a kan wayar hannu da kotun da ke zama a bakin titi. A Turai kuwa gidan ne da kansa aka ɗora wa taya. Mota ce mai gado da murhu da firij, wata har da banɗaki, ka ɗauke ta haya na sati biyu ko uku, yau ka kwana a bakin tafki a Jamus, jibi a gindin dutse a Ostiriya. Ga mazaunin Abuja abin ba shi da nisa kamar yadda ake zato, tunda jirgin Lufthansa kan tashi daga nan ya sauka Frankfurt cikin kimanin awa shida, kuma Jamus cike take da kamfanonin hayar irin waɗannan motoci.

Inda mutum ke tsayawa shi ne wurin zaɓe. Iri uku ne suka fi yawa a hannun masu haya: ƙaramar bas mai rufin ɗagawa irin Volkswagen California, da matsakaiciyar bas mai banɗaki wadda galibi a jikin Fiat Ducato ake ƙera ta, sai babba mai goshi, wato mai ɗakin kwana da ya turo a saman kan direba. Hotunan talla gado suke nunawa da taga mai kallon teku. Amma gado ba ya raba gardama a tafiyar Bahaushe. Ruwa da banɗaki ne ke raba ta, don haka da su za a fara awo.

Ma'aunai

*Ruwa da banɗaki.* Turawan da suka ƙera motocin nan da takarda suke tsarki, ba kuma sa alwala. Duk lissafin da ke cikin takardar kamfani, na cewa tanki zai kai kwana uku ko huɗu, a kan rayuwarsu aka yi shi. Kai naka lissafin daban ne. Alwala ɗaya da buta tana cin kusan lita ɗaya. Mutum biyar, sau biyar a yini, lita 25 ke nan. Ƙara lita 15 zuwa 20 na girki da wanke-wanke, da lita 10 na sha, da na tsarki. Kafin kowa ya yi wanka an tasam ma lita 60. Tanki mai lita 100 ba zai kai ku kwana biyu ba.

Masan motar kuma ba rami ba ne. Wani akwatin roba ne mai cin lita 17 zuwa 19, ana zaro shi ta wata 'yar ƙofa a jikin mota daga waje, a ja shi kamar jakar tafiya zuwa wurin da aka tanada, a juye, a ɗauraye, a jefa masa ƙwayar maganin wari da ruwa kaɗan, a mayar. Bature da matarsa sukan kwana biyu zuwa uku kafin ya cika. Iyali mai tsarki da ruwa kullum sai sun juye, wani lokaci sau biyu. Aikin maigida ne ko babban ɗa, kuma gara a yanke shawarar wanda zai yi tun daga Gwarinpa, kada a zo ana kallon-kallo a ƙasar mutane. Ba a juye shi a kwata ko a jeji, laifi ne mai tara. Famfon da ake ɗauraye akwatin da shi daban yake da famfon ruwan sha, ko da suna jikin ginshiƙi ɗaya, kada tiyon ɗaya ya taɓa bakin ɗayan. Sannan ka sa buta biyu a cikin kayanka. Banɗakunan sansanonin kwana, wato filayen da ake biya a kwana da mota ko tanti, galibi ba su da famfon tsarki, kuma buta ba abin da za ka tarar a kantin ƙauyen Faransa ba ne.

*Kujeru masu bel da nauyi.* Adadin mutanen da mota ke ɗauka ba a gado ake ƙirga shi ba, a kujerun da ke da bel ne. Mota na iya samun gadon mutum shida amma bel huɗu. Ba a kwanciya a gado mota na tafiya, ba a goya yaro a cinya. A Jamus yaron da bai kai shekara 12 ba kuma tsawonsa bai kai santimita 150 ba sai da kujerar yara. Nauyin mota da duk abin da ke cikinta kuma bai kamata ya wuce kilo 3,500 ba ga mai lasisin ƙaramar mota, kuma 'yan sanda kan hau da mota sikeli.

*Sauƙin tuƙi.* Tsawo da faɗi da tsayi. Tsayin ne ya fi cutar da baƙo, domin wanda ya saba da Corolla ko Highlander bai taɓa tunanin rufin motarsa ba. Abin farin ciki, a hannun dama ake tuƙi a nahiyar, kamar yadda muke yi tun 1972. Birtaniya kam hagu take bi, kuma bizarta ma daban ce.

*Girki, wuta da sanyi.* Kan murhu nawa, girman firij, da abin da ke ɗumama ɗaki da dare.

*Kuɗi, ƙarko da haɗari.* Kuɗin haya kashi ɗaya ne kawai. Akwai dizal, da kuɗin kwana, da tolget. Ƙarko a motar haya kuwa yana nufin me ke saurin lalacewa a hannun iyali, domin kai za ka biya.

Abin da ke gaba da zaɓe

Abu uku ke hana ɗan Najeriya karɓar makulli bayan ya biya kuɗi. Na farko kati. Kamfanoni kan riƙe kuɗin jingina tsakanin Yuro 1,000 da 2,000 a kan katin bashi mai sunan direba, kuma da yawa ba sa karɓar katin cire kuɗi irin wanda bankunanmu suka fi bayarwa. Ka tura musu saƙo su amsa maka a rubuce ko katin asusunka na dala zai yi. Na biyu lasisi. Rabe-raben ajin lasisinmu ba daidai suke da na Turai ba, don haka ka nemi lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa kafin ka tashi, ka tura musu hoton duka biyun. Yawanci suna son direba ya kai shekara 21 ko 25, ya kuma yi shekara ɗaya zuwa uku da lasisi. Na uku giya. Akasarin motocin nan giyar hannu ce. In ka shekara goma kana tuƙa otomatik tsakanin Maitama da sakatariya, kada ka ce za ka tuna kuloci a kan hawan dutsen Alps da tan uku da rabi a bayanka. Nemi otomatik tun da wuri, ba su da yawa.

Bizar Shengen, wadda ke shigar da kai Jamus da maƙwabtanta, Yuro 90 ce ga babba, 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, kuma ba ta wuce zaman kwana 90 cikin 180. Wannan iyakar ita ta sa sayen mota ba ya cikin lissafi a nan. Takardar hayar mota da shaidar kama wuri a sansanoni su za ka gabatar a madadin takardar otal.

Ƙaramar bas mai rufin ɗagawa

Tsawonta kimanin mita 4.9, tsayinta kuma ɗan ƙasa da mita 2 idan rufin na kwance. Wannan 'yar tazarar ita ce duk darajarta. Yawancin garejin ajiye motoci da filayen bakin teku suna da ƙarfen da aka gicciye a mita 2 ko kusa da haka don hana manyan motoci shiga, ita kuma takan wuce. A tolget na Faransa aji na 1 take biya, daidai da ƙaramar mota. Wanda ya iya tuƙa Sienna zai tuƙa ta tun ranar farko. Dizal lita 7 zuwa 8 take sha a kilomita 100.

Ciki akwai murhu mai kai biyu, da ɗan firij mai lita 40 da 'yan kai, da tankin ruwa mai lita 30. Banɗaki babu. Wasu kamfanoni kan ba da ɗan masai na roba da ake turawa ƙarƙashin kujera, amma ba shi da ƙofa ba shi da labule, a tsakiyar ɗaki ake ajiye shi. Ga iyalin da ke da kunya da sutura wannan kaɗai ya isa ya fitar da ita daga layi. Ma'anarsa kusan kowane dare sai sansani mai banɗaki, kuma da ƙarfe uku na dare Hajiya za ta sa rigar sanyi ta taka mita ɗari ko biyu cikin duhu don kama ruwa.

Gado biyu ne, ɗaya a sama cikin rufin, ɗaya kujerar baya ce ake shimfiɗewa. Kafin a shimfiɗe ta sai an kwashe jakunkuna zuwa gaba, da safe a mayar. Bangon gadon sama tamfol ne, sanyi da hayaniya duk suna shiga. Abin da ya fi lalacewa a cikinta shi ne tamfol ɗin: in aka sauke rufi ba a tattaro shi ciki ba sai ƙarfe ya cije shi ya yage, in kuma aka naɗe shi da jiƙa ya yi funfuna.

Matsakaiciyar bas mai banɗaki

Ducato na zuwa da tsawon mita 5.41, 5.99 ko 6.36, faɗi mita 2.05, tsayi kimanin 2.6. Mai mita 5.99 ita ce aka fi samu, kuma ita ce a ganina aka fi yin adalci wurin ƙerawa. Jikinta ƙarfe ne na ainihin motar ɗaukar kaya, ba a yanke shi aka ɗora akwati ba, don haka ta fi jure kuskure, iska ba ta kaɗa ta sosai a babbar hanya, kuma tana shiga lungun ƙauyukan Italiya ba tare da an naɗe madubi ba. Ƙarfen mita 2 dai ya hana ta, a Faransa kuma aji na 2 take biya, wanda ya ɗara na ƙaramar mota da kusan rabi. Dizal lita 9 zuwa 10.

Tankin ruwa kusan lita 100, na ruwan wanke-wanke kusan 90, firij lita 80 zuwa 90. Banɗakin ƙarami ne ƙwarai, masai da wurin wanka duk wuri ɗaya, mai jiki zai sha fama wurin juyawa. Duk da haka yana da ƙofa, kuma ƙasansa kwano ne mai magudana, wanda ke nufin za ka wanke ƙafa a alwala ba ka jiƙa daɓen katako ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan da ke kwanciya a daɓe kullum yana kumbura katako, kamfani kuma zai gani ranar mayarwa. Wanka a ciki sai da dabara: a jiƙa jiki, a kashe, a sa sabulu, a ɗauraye, lita 10 zuwa 15. Wanda ya tashi da wankan bokiti ba sai an koya masa ba.

Banɗakin nan shi ke buɗe maka ƙofar kwana mai araha. Garuruwa da yawa sun ware filaye don irin waɗannan motoci, a Faransa ana rubuta aire, a Jamus Stellplatz, a Italiya area di sosta. Wasu kyauta, wasu Yuro 10 zuwa 20, galibi da ginshiƙin ɗiban ruwa da wurin juye masai, amma sau da yawa babu banɗakin jama'a. Manhajojin park4night da Campercontact suna nuna su tare da ra'ayin waɗanda suka kwana. A irin wuraren nan ajiye mota aka ba ka izini, ba kafa sansani ba: a mafi yawansu ba a buɗe rumfa, ba a fito da kujeru da murhu. Kwana a ko'ina kuma ba a yarda da shi ba a Holan da Kuroshiya. A Jamus an amince ka kwana dare ɗaya a inda aka halatta ajiye mota don ka huta daga gajiyar tuƙi, ba don shaƙatawa ba.

Rauninta wuri ne. Bel huɗu ne, amma gadon dindindin na mutum biyu ne, a gicciye a baya, tsawonsa bai cika wuce mita 1.9 da ɗoriya ba. Dogon mutum ya nemi mai mita 6.36 mai gadaje a tsaye. Akwai masu gado hawa biyu don yara, sai dai mutum huɗu a cikinta ranar ruwan sama zaman haƙuri ne. Wurin tsayuwar salla a ciki mutum ɗaya yake ɗauka, a ɗan layin da ke tsakanin murhu da banɗaki, kuma layin ba lallai ya dubi alƙibla ba. Ƙofar gefe mai zamewa tana da ƙara, in ka rufe ta da asuba duk maƙwabta sun ji.

Babba mai goshi

Wannan ita ce gidan sosai. Tsawo kusan mita 7, faɗi 2.3, tsayi sama da mita 3. Bel biyar ko shida, gado a goshi, gado a baya, teburin cin abinci ma yana komawa gado. Murhu kai uku, firij mai kimanin lita 140, banɗaki a wasu an raba wurin wanka da masai, ga rumbun kaya a baya. Mai 'ya'ya maza da mata da suka fara girma a nan kaɗai zai iya raba musu makwanci da labule. Tukunyar tuwo ta mutum shida ma a nan take samun mazauni.

Abin da ba a faɗa a talla: tankinta bai fi na matsakaiciya da komai ba, lita 100 zuwa 120, akwatin masai kuma girmansu ɗaya. An ninka mutane, ba a ninka ruwa ba. Iyali mai mutum shida kullum sai sun nemi wurin ɗiba da juyewa, ranar da aka yi sakaci kuwa fitilar masai za ta yi ja da tsakar dare.

Sai nauyi. Irin wannan mota babu kowa ciki sai direba takan kai kilo 3,000 ko fiye, saura 500 ko ƙasa da haka. Yi lissafi: uwargida da babbar 'ya kilo 135, yara uku 105, jakunkuna shida 120, abinci da lemo 40, cikakken tanki 100. An cinye 500, ba a sa kujerun zama da tsarabar da za a saya ba. Maganinsa a yi tafiya da lita 20 kawai a tanki, a cika in an isa masauki, domin kowace lita kilo ce.

Tuƙinta aiki ne. Goshin yana kama iska, babbar mota in ta wuce ka sai ka ji sitiyari ya motsa. Bayanta ya zarce tayoyin baya da mita biyu ko kusa, in ka karya kwana sai gindin ya share gefe, a nan ake gogar ginshiƙi a gidan mai. Bangonta ba ƙarfen mota ba ne, siririn falle ne a kan kumfa, reshen bishiya ma yana huda shi, kuma inshorar kamfanoni da dama ba ta biyan ɓarnar rufi. Ka rubuta tsayinta da faɗinta a takarda ka manna a gaban sitiyari, duk ribas kuma wani ya sauka ya duba maka, kamar yadda yaran mota ke yi a tashar Jabi. A Faransa duk motar da ta kai mita 3 aji na 3 ce, kuɗin ya ninka na ƙaramar mota har da ɗori. Akwai 'yar'uwarta marar goshi mai tsayi ƙasa da mita 3 kaɗan, wadda gadonta ke saukowa daga silin. In ku huɗu ne ita ta fi. Dizal na mai goshi lita 12 zuwa 14. Cikin gari kuwa manta da ita, a bar ta a sansani a hau bas ko jirgin ƙasa.

| Ma'auni | Ƙarama | Matsakaiciya | Mai goshi |
|---|---|---|---|
| Tsawo | mita 4.9 | mita 5.4 zuwa 6.4 | kusan mita 7 |
| Tsayi | ƙasa da mita 2 | mita 2.6 | sama da mita 3 |
| Kujeru masu bel | 4 | 4 | 5 ko 6 |
| Waɗanda za su sake | 2 | 2 ko 3 | 4 zuwa 6 |
| Tankin ruwa | lita 30 | lita 100 | lita 100 zuwa 120 |
| Banɗaki | babu | ƙarami | wadatacce |
| Dizal a kilomita 100 | lita 7 zuwa 8 | lita 9 zuwa 10 | lita 12 zuwa 14 |
| Ajin tolget a Faransa | 1 | 2 | 3 |
| Abin da ke saurin lalacewa | tamfol ɗin rufi | madubi, daɓe | goshi, gindi, bango |

Lissafin sati biyu

Farashi na hawa da sauka gwargwadon lokacin shekara, Yuli da Agusta su ne tsada, Mayu da Yuni da Satumba sun fi sauƙi kuma wurin kwana bai cika ba. Ɗauki wannan a matsayin misali, da kilomita 2,000, wato kamar ka je Kano daga Abuja ka dawo sau biyu da ɗan ƙari, da dizal a Yuro 1.75.

Ƙarama a kan Yuro 100 kullum ta tashi 1,400, kuɗin shirya mota 100, dizal 280, sansani dare 14 a kan 35 ya zama 490, tolget 90. Jimla 2,360. Matsakaiciya a kan 120 ta tashi 1,680, shiri 130, dizal 350, dare bakwai a sansani 280, bakwai a filayen gari 84, tolget 130. Jimla 2,654. Mai goshi a kan 150 ta tashi 2,100, shiri 130, dizal 455, kwana 469, tolget 200. Jimla 3,354. Tsakanin ƙarama da matsakaiciya ba a kai Yuro 300 ba, domin wani kaso na abin da ka rage a haya ka mayar da shi a sansani. Yuro 21 ke nan a kullum, kuɗin ƙofar banɗaki. Canjin naira kuwa 'yan Zone 4 za su gaya maka na ranar. In tsabar kuɗin da ke hannunka ta kai Yuro 10,000 sai ka bayyana wa kwastan a wurin shiga.

Hanyoyin Jamus kyauta ne ga waɗannan motoci. Ostiriya da Suwizalan sai da sitikar hanya, ta Suwizalan faran 40 ce kuma ta shekara ce kawai ake sayarwa ko kwana ɗaya za ka yi. Duba kwantiragi ko an ƙayyade kilomita, da ƙasashen da aka yarda ka shiga.

Abin da ba ya canzawa ko wacce ka ɗauka

Wutar sansani mai ƙarfin volt 230 ce irin tamu, ta wata shuɗiyar filogi mai ƙafa uku, amma sau da yawa amfiya 6 ko 10 kawai aka ba kowace mota. Amfiya 6 wat 1,380 ke nan, butar lantarki mai wat 2,000 za ta kashe wutar nan take. A dafa shayi a gas. Soket ɗin ciki na Turai ne mai rami biyu, cajarmu mai ƙafa uku sai da adafta. In babu wutar waje, batirin ɗaki ne ke riƙe fitila da famfo, a wasu motocin har da firij, kwana ɗaya ko biyu, tuƙi ne ke cika shi. Na'urar sanyaya ɗaki galibi ta gaban direba ce kawai, tana mutuwa da injin, don haka kudancin Sifen da Italiya a Yuli ba wurin kwana a mota ba ne ga wanda ya saba da sanyin ɗaki. A tsaunuka kuma daren Mayu ya fi hunturun Jos cizo. A kunna hitar motar, kada a taɓa kunna murhu don ɗumi da tagogi a rufe, illarsa ɗaya da ta janareta a cikin ɗaki. Bakin silindar gas ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ta Jamus ba a musanya ta a Faransa, ka tabbata an ba ka biyu cike.

A gidan mai a kula da suna: gazole a Faransa da gasolio a Italiya dizal ne, gasolina a Sifen fetur ne. Ramin ruwa da na mai duk a jikin mota suke, wanda ya ɗura dizal a tankin ruwan sha ya sayi sabon tanki.

Alƙibla daga Jamus da Faransa kudu maso gabas take, ba gabas ɗin da muka saba ba. A watan Yuni rana kan kai tara da rabi na dare ba ta faɗi ba, isha ta yi nisa, asuba ta yi sammako, sansani kuma na son shiru daga ƙarfe goma. Ka zauna da malaminka kan kasaru da haɗa salloli kafin tafiya, hakan har ruwa yake ragewa. Naman halal yana shagunan Turkawa a Jamus da mahautan Larabawan Magrib a Faransa, a birane, don haka a cika firij kafin a shiga ƙauye, a kuma tuna kantunan Jamus a rufe suke ranar Lahadi. Kilishi da dambun nama da man shanu ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar fasinja, ƙwace su ake yi. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa su ne abokan tafiya, garin semolina na kanti kuma yana tuƙuwa. Jaka mai taushi ake so, akwati mai tauri ba shi da maɓoya a mota.

Kyamarorin gudu da na tsakiyar biranen Italiya masu alamar ZTL, inda aka hana motar da ba ta da izini shiga, ba su san "yi haƙuri, ranka ya daɗe" ba. Tarar na zuwa wa kamfani bayan watanni, su cire a katinka har da ladansu. Kada a kwana a wuraren hutawa na manyan hanyoyin kudancin Faransa da Sifen, an san su da ɓarayi, fasfo kuma ya zauna a jiki. A isa masauki kafin la'asar. Lambar gaggawa 112 ce.

Wa ya dace da wace

Abokai maza biyu, ko uba da ɗansa ɗalibi, masu son shiga birane da yin nisa, waɗanda takawa zuwa banɗakin sansani bai dame su ba: ƙarama.

Miji da mata, ko da ƙaramin yaro ɗaya, musamman a tafiyar farko: matsakaiciya mai mita 5.99, otomatik. Haka ma duk tafiyar da ke da mace ko mai ciwon suga da ke yawan tashi da dare, ko da su biyu ne kacal.

Mutum huɗu da za su ratsa Faransa: babba marar goshi, mai ƙasa da mita 3.

Iyali mai mutum biyar ko shida: mai goshi, da sharaɗin direban ya taɓa riƙe bas, a taƙaita tafiyar yini zuwa kilomita 150 ko 200, a riƙa kwana biyu a wuri ɗaya.

In kun kai bakwai, ko tafiyar da tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da ba za ta hau tsani ko matakalar mota ba, a bar tafi-da-gidanka. A ɗauki bas mai kujera tara, wadda lasisin ƙaramar mota ke tuƙawa, a riƙa kama ƙananan gidajen haya da ke cikin sansanonin nan, masu ɗaki biyu ko uku da kicin da banɗaki mai famfon da ba ya ƙarewa.